Sauya juwan sipi na gaban buwat a tsohuwar Land Cruiser

Malam, ka ce kana sake haɗa buwat (akwatin giya) ɗin Land Cruiser FJ40 ɗinka a nan Damagaram, kana kuma tambaya ko sauya juwan sipi (zoben roba mai hana mai fita) na sandar da ke shiga ambireyaj (kuloc) zai tsayar da yoyon mai.

Da farko ka sansana man. Na buwat yana da warin farar wuta. Idan babu wannan wari, daga bayan injin yake fitowa, sauya juwan buwat kuma ba zai tsayar da shi ba. Juwan yana zaune ne cikin murfin da ke riƙe da rulman gaba (zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sandar ke juyawa a ciki), kuma leɓensa mai ɗauke da siririn sifirin dole ya fuskanci ciki, wajen mai. Kafin ka sa sabo, ka bi wurin da tsohon ya zauna a kan sandar da farcenka, domin ƙurar hanyar Tanut da Agadas tana haɗuwa da mai ta ci ƙarfe, kuma idan farce ya maƙale a tsagi, sabon ma zai yi yoyo sai an gyara wurin. Ka girgiza sandar; idan tana wasa, rulman ya gaji, a sauya shi tare da juwan.

Ka naɗe haƙoran sandar da salatif don kada su yanki leɓen, ka shafa masa mai, sannan ka buga juwan a hankali da soket mai faɗinsa har ya zauna daidai. Abin da na fi jaddadawa shi ne ƙaramar kafar numfashin buwat: idan ta toshe, zafin watan Afrilu zai sa iska ta turo mai waje. Faifan ambireyaj da ya sha mai kuwa, a sauya shi.