Zuwa Tromso ganin hasken arewa: yaushe, kwana nawa, da wane shiri?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Ingila. Ina so in yi amfani da hutun hunturu in je Nowe in ga koren hasken nan da ke bayyana a sama da dare. Wani abokina ya je ya yi kwana biyu, ya dawo bai ga komai ba. Yaushe ya fi dacewa in je, me zan sa, kuma yaya ake salla a garin da rana ba ta fitowa?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ya sami abokinka shi ne ya fi samun mutane, kuma galibi hasken ya fito, gajimare ne ya tare shi. Hasken na tashi ne can ƙololuwa, daga kilomita 100 zuwa sama da 200, inda ƙwayoyin da ke fesowa daga rana suke karo da iskar oksijin da naitirojin. Oksijin ke ba da kore, ja kuma sai can sama ainun. Gajimare kuwa 'yan kilomitoci ne kawai daga ƙasa, don haka idan ya rufe, ko da sama ta kama da wuta ba za ka gani ba. Saboda haka duk shirinka ya ginu a kan abu biyu: yawan dararen da za ka kwana, da samun damar guje wa gajimare. Kwana biyu caca ce. Ka ware huɗu, in da hali biyar.

Tromso, wani gari a arewacin Nowe, wuri ne mai kyau domin yana wajen digiri 69 a arewa, ƙarƙashin zoben da hasken ya saba zagayawa. Masu hasashe suna auna ƙarfin guguwar rana da ma'aunin Kp, daga 0 zuwa 9, kuma baƙi kan ɗaga hankali idan suka ga 2, suna ganin ta yi ƙasa. A Tromso 2 ɗin ta wadatar. Abin da ya kamata ka riƙa dubawa shi ne taswirar gajimare a manhajar Yr ta hukumar yanayin Nowe, awa bayan awa. Garin yana bakin teku, ruwan ɗumi da ke malalowa daga kudu yana sassauta masa sanyi, amma shi ne kuma ke tara masa hadari. Shi ya sa masu kai baƙi da ƙananan motoci sukan bi hanyar E8, su wuce Skibotn, wani lokaci har Kilpisjarvi a ƙasar Finlan, inda duwatsu suka tare danshin teku. Irin wannan fita, ta awa shida zuwa takwas, ita muke ba ka shawara ka biya, kuma ka sa ta a daren farko ko na biyu don ka sami damar sake gwadawa. Kada ka ɗauki hayar mota ka tuƙa da kanka idan ba ka taɓa tuƙi a kan ƙanƙara cikin duhu ba. In ka fi son zama wuri guda, Abisko a Suwidin ta yi suna da sararin sama mai washewa, kuma jirgin ƙasa na dare daga Stockholm yana tsayawa a can.

Lokacin gani daga ƙarshen Satumba ne zuwa ƙarshen Maris. Disamba ya fi duhu, amma Fabrairu da Maris sun fi mana daɗin ba da shawara, domin da rana kana da haske ka ga gari. Ka duba kalandar Musulunci kafin ka sayi tikiti, ka zaɓi ƙarshen wata ko farkonsa, domin farin wata na daren sha huɗu yana dushe haske mai rauni. A cikin dare kuma, tsakanin ƙarfe 9 da 2 ya fi fitowa. Ka sani tun yanzu, idan yana da rauni ido kan gan shi fari-fari kamar hayaƙi, kyamara ce ke fito da koren. Ka ajiye waya kamar minti 20 idonka ya saba da duhu. Idan ya yi ƙarfi kuwa ba sai an nuna maka ba, zai riƙa naɗewa yana warwarewa a bisa kanka cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Sutura ita ce inda mutanenmu suka fi yin sakaci. Cikin garin sanyi kan tsaya kusa da digiri 4 ƙasa da sifili a Janairu, amma can ciki wajen iyakar Finlan yana iya kai digiri 20 ƙasa da sifili ko fiye, kuma tsayuwa za ka yi wuri guda, ba tafiya ba. Sa kaya hawa uku. Na jikin fata ya zama na ulu, riga da wando, kada ka kuskura ka sa auduga domin tana shan gumi ta riƙe, sai ta yi sanyi ta manne maka. Na tsakiya suwaita mai kauri, na waje kuma wanda iska da ruwa ba sa ratsawa. Takalmi ya fi ƙafarka da lamba ɗaya, domin idan safa biyu suka matse yatsu jini ba ya gudana, nan da nan su ƙage. Safar hannu mai haɗe yatsu wuri guda ta fi mai rarrabewa ɗumi, ka sa siririya a ciki don lokacin ɗaukar hoto. Yawancin masu kai baƙi suna ba da aron babbar rigar sanyi mai haɗe da wando, ka tambaya kafin ka biya. Ka sayi ƙarafan da ake ɗaura wa tafin takalmi, titunan Tromso suna da santsi ƙwarai. Idan ka ga hanci ko yatsa ya yi fari ya daina ji, koma mota ka ɗumama shi da ɗumin jiki, kada ka murza.

Wajen hoto, dole ka kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku. Fara da ISO (ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske) 1600, buɗin ido 2.8, daƙiƙa 5 zuwa 10, ka saita gani da hannu a kan wani tauraro. Sanyi na shanye batir da sauri, sai ka ajiye na biyu a aljihun ciki. Kafin ka shiga ɗaki ka kulle kyamarar a leda, in ba haka ba raɓa ta taru a cikinta.

Batun salla, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta ɓullowa a Tromso, sai wani shuɗin haske na 'yan sa'o'i da tsakar rana. Akwai masallaci a garin, Alnor, kuma a irin wannan lokaci jama'arsa lokutan Makka suke bi. Ka nemi jadawalinsu da zarar ka isa. Ka yi alwala kafin ka fita, ka shanya jiki sosai, ka shafa mai a fuska da leɓe.

Abu na ƙarshe, izinin zamanka na Ingila ba zai shigar da kai Nowe ba. In fasfon Najeriya ko Nijar gare ka, sai ka nemi bizar Shengen (bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, har da Nowe), da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Fara nema da wuri, layi kan yi tsawo kafin hutun Disamba.