Babban kanti na neman sa hannuna: in ba su ko in hana?

Tambaya: Shekarata tara da buɗe shagon kayan abinci irin namu na gida a wata unguwa a Chicago. Wani babban kamfanin kanti zai gina reshe kusa da mu. Wakilansu sun zo har shago da takarda, wai mu sa hannu muna goyon baya kafin majalisar birni ta zauna. Sun yi alkawarin ɗaukar yaranmu aiki da ba masallaci gudummawa. In sa ko in ƙi?

Amsa: Alhaji, kada ka sa tukuna, kada kuma ka kore su.

Ruwa ba ya tsami banza. Kamfani mai wannan ƙarfi bai tako har bakin shagonka don zumunci ba. Gini irin nasu yakan buƙaci a sauya ƙa'idar amfani da fili, a Chicago kuwa da wuya hakan ta yiwu in kansilan unguwa bai yarda ba, shi kuma fuskar masu ƙuri'a yake kallo. A 2004 Walmart, wani babban kamfanin kanti na Amurka, ta so ta tsallake majalisar birnin Inglewood da ke California, ta kai maganar gaban masu zaɓe kai tsaye, suka kayar da ita. Sa hannunka haja ce mai kuɗi, kada ka bayar kyauta.

Alkawarin baki kuma, garinku ya ga ƙarshensa. A 2006 majalisar Chicago ta zartar da dokar da za ta tilasta wa manyan kantuna biyan ma'aikaci dala 10 a awa. Magajin gari Richard Daley ya hau kujerar naƙi, a shekarar Walmart ta buɗe reshenta na farko a unguwar Austin. A watan Afrilun 2023 ta rufe huɗu daga cikin rassanta takwas, ta ce asara take tafkawa. A Washington ma, a 2016 ta fasa gina rassa biyu da ta yi wa unguwannin talakawa na hayin kogin Anacostia alkawari. Ban ga laifinta ba, ɗan kasuwa riba yake bi. Sai dai wanda shagonsa ya mutu a tsakani ba ya tashi don an rufe kanti.

Don haka ka tara maƙwabtanka masu shaguna, da limami da fasto, ku je wa kansila da murya ɗaya. Ku nemi yarjejeniya a rubuce, lauya ya duba: 'yan unguwa nawa za a ɗauka, kan wane albashi, kuma me zai faru da ginin ranar da suka tattara. Gudummawar masallaci a karɓa da godiya, amma ba ta cikin cinikin.

Shagonka fa? Madara, sukari, sabulun wanki, rage su, ba za ka iya karya farashi da mai sayo tirela-tirela ba. Cika kanta da daddawa, kuka, manja, garin rogo, busasshen kifi, da naman halal da ake yanka wa mutum yadda yake so. Matar da ke shigowa da goyo ta ce a rubuta mata zuwa ƙarshen wata, babu injin da zai saurare ta a can.

Abin da ya fi gaggawa shi ne haya. Da zarar an kafa harsashi, mai ginin da kake ciki zai fara lissafi. Je ka same shi cikin satin nan ku sabunta ta shekara biyar, a rubuta iyakar ƙarin da zai iya yi duk shekara.