Ƙanena, mazubin ake gyarawa, ba bulon ba

Saƙonka ya same ni cikin jirgin ƙasa, ina dawowa daga aiki. Ka ce ka gama karatun kwamfuta a Kazaure, ka koma ƙauye kana taya Baba yankan riɗi, ranka yana kan zuwa Jamus, amma wani ya sare maka gwiwa: wai yanzu inji ne ke rubuta lambobin da ke haɗa manhaja da API, wato hanyar da manhaja ke bi ta nemi bayani ko aiki a wurin wata manhajar, har da bayanin yadda ake amfani da su, to mai koyo me zai zo ya yi?

Batun injin gaskiya ne, da shi nake cin abinci. Kamfani yakan rubuta fayil guda, da salon rubuta bayanai na YAML ko JSON, ya jera kowace ƙofa ta API ɗinsa: me ake turawa, me ke dawowa, wane kuskure ke iya fitowa. Sunan tsarin OpenAPI. Da can Swagger ake ce masa, Tony Tam ne ya faro shi, a 2015 aka miƙa shi ƙarƙashin Linux Foundation, sigar 3.0 ta fito a 2017, 3.1 kuma a 2021. Wannan fayil ɗin kake ba injin, wato OpenAPI Generator, wanda ya ɓalle daga Swagger Codegen a 2018, ka ce masa harshen Python kake so, ko Java, ko Dart. Kafin shayinka ya huce ya zubo maka laburare sukutum, wato tarin lambobin da manhajarka za ta yi magana da API da su, da takardar gabatarwa ta README, da shafin bayani ga kowane aiki.

Ka tuna masu buga bulo a bakin kasuwarmu? Mazubi ɗaya, bulo dubu. In mazubin ya karkace, duk bulon da ya fito karkatacce ne, kuma ba mai hankalin da zai zauna yana sassaƙe su ɗaya bayan ɗaya. Ni na zauna. Watana na biyu a wurin aiki, na ga wani suna ya fito a hagunce cikin laburaren, na buɗe na gyara da hannu, har ina jin kaina. Da aka sake kunna injin ranar Litinin, gyarana ya bi ruwa. Abokiyar aikina ba ta yi dogon zance ba, layi guda ta nuna mini a fayil ɗin: ba a sa operationId ba, wato gurbin da ake raɗa wa aikin suna. In babu shi, injin da kansa yake harhaɗa suna daga adireshi, ka ga abu kamar usersIdGet. Ta rubuta kalma ɗaya, sunan ya miƙe a harsuna huɗun da muke fitarwa.

Bayani ma haka. Abin da ka rubuta a gurbin description shi zai bayyana a gaban duk wanda ya ɗauki laburaren. Ka ce kana gina API na farashin buhun riɗi, ka sa "farashi" ka tsaya nan. Naira ne ko kwabo? Buhu mai kilo nawa? Inji bai taɓa zuwa Maigatari ba, ba zai tambaya ba. Gurbin da ka bari fanko, fanko zai buga shi. Rabin yinina a kan irin waɗannan tambayoyin yake ƙarewa.

Kuma koyon wannan ba ya jiran biza. Ranar da ka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi, sauke Java da injin, ka haɗa da misalin Petstore da kowa ke farawa da shi. Daga nan ko babu data yana aiki, cajin kwamfutar ne kawai damuwarka. Kamfanin biyan kuɗi na Stripe da GitHub, dandalin ajiye lambobin manhaja, sun saki fayilolinsu a fili, karanta yadda suke bayyana kuskure. Sannan ka rubuta naka na riɗin, ka fitar da laburare biyu, ka ɗora a GitHub. Mai ɗaukar aiki a nan Jamus zai fi saurin buɗe wannan a kan takardar shaida.

Zuwa karatu kuwa, ka san da wannan: tun 2024 ana neman Yuro 11,904 na shekara guda a asusun da ake kullewa, ana sakar maka 992 duk wata. Kada ka bari Baba ya taɓa gonar fadama saboda wannan, na roƙe ka.

Turo mini fayil ɗin in ka rubuta, ko da ƙofa uku ce a ciki, zan duba ranar Lahadi. Ka gaida Inna, ka ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.