Ɓauren tsohon gidan Aboabo: a yanka tukuna, suna ya biyo baya

Yarona, na ji saƙonka. Ka ce kun je kai ledojin dashe unguwar Aboabo a nan Kumasi, ka ga wani tsohon ɓaure a bayan gidan da aka sayar, magina za su shiga ƙarshen wata. Ka tambaye ni abu biyu: yaya za ka gane irinsa, kuma in ya kama, da wane suna za mu sayar, tunda masu saye sai sun ji suna suke buɗe jaka.

Ka sa tambaya ta uku a gaba, wadda ba ka yi ba: yaushe za a yanka? Gobe. Suna yana iya jira shekara biyu, katafila ba ta jira.

Kafin ka taɓa reshe ko ɗaya, ka nemi tsohuwar da ka ce tana zaune a gidan har yanzu. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce maigidanka ne ya aiko ka neman iri. Sannan ka zauna ka saurara. Wa ya dasa? Daga ina ya zo da shi? A wane wata yake nuna, sau nawa a shekara? 'Ya'yan suna kaiwa ga nuna ko suna zubewa tun suna ɗanye? Ta riga ta ce maka kakan mijinta ne ya zo da shi daga Makka lokacin da ake zuwa ta ƙasa. Ka rubuta haka, ka kuma rubuta cewa ita ce ta faɗa. Zangon Kumasi mutanen tafiya ne suka kafa shi, fataken goro da suka biyo hanyar Salaga da Kintampo, ga alhazai, ga Larabawan Sham masu kanti, don haka ba abin mamaki ba ne reshe ya shigo a cikin kaya. Amma kusan kowane ɓaure na zango in ka tambaya daga Makka ya zo. Labari ne mai daraja, sai dai ba ya zama shaida.

Yanzu ganewa. Mutanenmu suna kiran abubuwa da yawa ɓaure, kuma danginsa suna da yawa a ƙasar nan, duk masu farin ruwa kamar madara in ka karya ganye. Durumi yana da ganye mai sheƙi da dogon tsini, shi ake dasawa don inuwa. Ceɗiya ƙananan ganye, da saiwoyi masu reto daga rassa. Gamji faffaɗan ganye, jikinsa jaja-jaja. Uwar yara kuwa ba ta ɓoyuwa, 'ya'yanta cunkus suke fitowa a jikin gindi. Akwai kuma wanda Asante ke kira nyankyerene, mai ganye kaushi da ake goge katako da shi, yana fitowa da kansa a kango da bakin kwata. Hoton da ka turo ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Ganyen yana da yatsu, uku a wani, biyar a wani, ɗan kuma yana fitowa ɗaiɗai a hammatar ganye, da wuya kamar ƙaramin gora. Wannan ɓauren Larabawa ne, tin ɗin da aka ambata a Alƙur'ani, wanda masana ke kira Ficus carica.

Har nan da sauƙi. Wahalar tana gaba, domin shi kansa tin iri ɗari-ɗari ne, kuma iri ɗaya sai ka same shi da suna daban a Masar, daban a Turkiyya, daban a Faransa. Ganye ba ya raba gardama: bishiya ɗaya tana ba ka ganye mai yatsu biyar a sabon toho, mai uku a tsohon reshe, wani ma babu yatsu sam. Saboda haka in wani ya dubi hoton ganye a waya ya ce maka Brown Turkey ne ko Black Mission, ka gode masa ka wuce.

Ɗan ne ke magana. An ce mai son cin ɓaure kada ya tona cikinsa, to mu sana'armu tonawa ce. Ka samo nunanne, ka tsaga shi biyu daga wuya zuwa gindi, ka ajiye a farar takarda kusa da kwabon sidi ɗaya don a ga girmansa, ka ɗauki hoto a inuwa. Ka duba launin fata, launin tsoka, tsawon wuya. Ka fi mai da hankali kan ɗan ramin nan na gindi, idon. A Kumasi ido shi ne komai. Muna samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, damina biyu, iska kullum da laima. Tin mai buɗaɗɗen ido ruwa da ƙwari suna shiga, ya yi tsami ya fashe kafin ya nuna. Mai matsattsen ido, ko wanda ɗigon zuma ke toshe masa ido, shi ke tsira. In tsohuwar nan ta ce yara suna cin nasu shekara da shekaru, to wannan bishiya ta ci jarrabawar da yawancin irin da ake shigowa da su masu manyan sunaye suke faɗi. Darajarta ke nan a wurina, ko da ba a taɓa gano sunanta ba.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani game da zubewar 'ya'ya. Furen ɓaure a cikin ɗan yake, kuma kowane jinsi yana da nasa ɗan mitsitsin ƙwaro, dangin zanzaro, mai shiga ta idon ya kai garin fure. Na uwar yara ba ya yi wa tin aiki. Wasu irin tin, kamar na Izmir a Turkiyya da ake busarwa, ba sa nuna sai ƙwaronsu ya shiga. Manoman Kalifoniya a Amurka sun dasa irin wannan suka yi shekaru suna kallon 'ya'ya na zubewa, sai da aka kai musu ƙwaron a 1899. Shi wannan ƙwaro ba ɗan ƙasarmu ba ne. Saboda haka tin ɗin da yake nuna a Aboabo yana cikin waɗanda ba sa buƙatarsa, kuma ƙwayoyin cikinsa holoƙo ne. Ka zuba su a kofin ruwa ka gani, za su taso sama. Kada ka ɓata lokaci da shuka su. Ko a inda ƙwayar take da rai, abin da ya tsiro ba ya ɗauko uwar. Reshe kaɗai ke maimaita bishiya yadda take.

Da muna da zaɓi, da mun jira hunturu, lokacin da ya kakkaɓe ganye ya huta. Ba mu da shi. Ka je da sassafe da almakashin lambu, ka goge bakinsa da sifirit. Ka zaɓi reshen bara wanda ya yi ruwan ƙasa, kaurin ɗan yatsa, ka bar koren toho mai laushi. Tsawon kowane yanka santimita 20 zuwa 25, da gaɓa uku ko huɗu. Ƙasa ka yanke a miƙe dab da gaɓa, sama a karkace, don kada ka dasa shi kai a ƙasa, abin da ke faruwa da kowa in yanka ya yi yawa. Ka cire ganyen, ka naɗe a jiƙaƙƙiyar jarida, ka sa a leda. Ka kiyayi farin ruwan, yana ƙona fata in rana ta doke shi, kada ya kusanci idonka. Ka kuma duba gindin: in akwai 'yan tsiro da suka riga suka yi saiwa, ka haƙo su, su ne mafi tabbas.

A lambu, yashin rafi da ɓawon kwakwa da aka daka, rabi da rabi. Ban da ƙasar lambu, ban da taki. Gaɓa biyu a ciki, ɗaya ko biyu a waje, a ƙarƙashin rumfa. Ka matsa haɗin a hannunka: ya dunƙule amma kada ruwa ya ɗigo. Yawan ban ruwa ya fi ƙishirwa kashe yanka a garin nan. Cikin mako biyu za ka ga ganye ya ɓullo, ranka ya yi fari, hannunka ya yi ƙaiƙayin ciro shi ka duba. Kada ka yi. Wannan ganyen abincin da ke cikin icen ne ya turo shi, saiwa tana iya ɗaukar mako uku zuwa shida. Ka yi amfani da farar leda mai nuna ciki, ka ga saiwar da idonka ba tare da ka taɓa ba. In sabon mai gidan ya yarda a ba mu wata biyu, sai mu feƙe ɓawo zagaye a manyan rassa biyu, mu ɗaure da ɓawon kwakwa mai laima da leda, su yi saiwa a jikin uwar kafin mu yanke.

Kowace leda da alamarta tun ranar farko, da fensir a kan guntun roba, domin rubutun alƙalamin maka rana tana cinye shi. Ka rubuta: Ɓauren Aboabo, ba a san iri ba, da kwanan wata. Shi ne amsar tambayarka ta biyu. Da wannan suna za mu sayar. Na san wasu suna liƙa sunan Turawa su ninka kuɗi, amma ranar da ka yi haka ka ɓatar da bishiyar sau biyu: gidan ya tafi, asalinta ma ya tafi, shekara goma nan gaba babu mai iya cewa ga inda ta fito. In ka haɗu da wani ɗan daji da ya gagare ka, ka danne ganye da ɗa a tsakanin jarida mu kai cibiyar binciken daji ta FORIG a Fumesua, ko sashen aikin lambu na jami'ar KNUST. Jinsi za su iya faɗa maka. Irin tin kuwa, sai an gwada shi da wani sananne gefe da gefe, damina biyu ko fiye.

Kuma ba za mu riƙe duka ba. Lambu ɗaya gara tana iya cinye shi, ambaliya tana iya ɗauke shi, mai fili yana iya tashin mu. Dashe na farko na tsohuwar ne, ta tafi da shi inda za ta koma. Sauran mu raba: wani ga abokin sana'a a Tafo, wani Nima ko Madina a Accra inda ruwa bai kai namu ba, wani Tamale, inda zafi da bushewa suka fi yi wa tin daɗi. Sharaɗi biyu ne: kada a canza alamar, kuma in ya yi 'ya'ya a turo hoton tsagagge. Ta haka za mu san abin da ke na iri da abin da ke na ƙasa.

Wajen aikawa, yanka tsirara za ka ba direba, ba ƙasa a jiki. Akwai tsutsar da ido ba ya gani mai sa saiwa ƙulli-ƙulli, irin wadda kake gani a tumatir da kuɓewa, a ƙasa take tafiya. In ka ga ganyen uwar da dabbare-dabbaren rawaya, ciwo ne da ke bin reshe, yawancin tsofaffin tin suna ɗauke da shi suna kuma haihuwa, amma ka faɗa wa mai karɓa. Ƙetare iyaka kuwa, shiga ko fita, sai da takardar sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Noma, dokar 2010 ce. Ka gaya wa abokinka mai shirin cusa reshe a jakar Hajji.

Ka ɗauki goro da 'yan kuɗi a akwatin lambu ka kai wa tsohuwar. Kada ka datse bishiyar ƙarƙaf don an ce za a sare ta, ciniki yana iya warwarewa. Ka tambaye ta kuma ko ta taɓa ba wata maƙwabciya reshe, in akwai mu je mu duba wancan ɗin ranar Asabar.