Za ki hau jirgi da goyo? Ga amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan tafiya a jirgin sama da ƙananan yara suka taru, toh bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wata baiwar Allah daga Tudun Wada ta ce: "Anti za mu Umara ni da maigida in sha Allah, yarinyata watanta bakwai, ejan ya ce mu zaɓa ko tikitin jarirai ko a saya mata kujerarta. Wanne ya fi?"

Allah Ya sa a je lafiya a dawo lafiya 'yar uwa, ki saka mu a addu'a. Ki ɗauki tikitin jarirai kawai. Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya ake riƙe shi, kuma a tafiyar ƙasar waje yawancin kamfanoni kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba suke karɓa, wato in naki miliyan ɗaya ne nata bai fi dubu ɗari ba, sai ɗan haraji da zai hau kai. In kuwa kika ce kujera, kuɗin yaro za a caje ki wanda sau da yawa yana kai kashi 75, kuma 'yar wata bakwai ba zama za ta yi a kujerar ita kaɗai ba sai an ɗaure ta cikin irin kujerar nan ta mota da kamfanin ya amince da ita, kin ga wani sabon kashe kuɗi kenan da ƙarin kaya. Gaskiya ne kujerar kanta ta fi tsaro in jirgi ya shiga gargada, mai hali ya saya ban hana ba, amma daga Kano zuwa Jidda awa biyar ne ko ƙasa da haka kuma ku biyu ne, ki riƙe ya riƙe, ai ba ke kaɗai kika haife ta ba.

Abin da zan ce ki matsa wa ejan a kai shi ne ɗan gadon jarirai da ake maƙalawa a bangon gaban kujera a manyan jirage. Galibi kyauta ne amma kaɗan ne, wanda ya riga nema shi ke samu, kuma akwai iyakar nauyi, wajen kilo 10 zuwa 11 a kamfanoni da yawa. Tun ranar yankar tikiti za a nema, ba sai kin isa filin jirgi ba. Sannan ki sa a duba sunan yarinya a tikiti harafi da harafi ya zama daidai da na fasfo, don ejan da yawa nan suke kwafsawa.

Da na ce fasfo, jariri ko ɗan kwana arba'in ne sai da nasa fasfon da tasa bizar, zamanin rubuta yaro a fasfon uwa ya wuce. Za a nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da lambar NIN ta yaron da takardar amincewar iyaye. Ki riƙe katin rigakafinta a jakar hannu, Saudiyya tana da sharuɗɗa a kan allurar sanƙarau da ta shan inna ga masu zuwa daga Najeriya, ita kuma ta ciwon shawara sai yaro ya kai wata 9 ake yi, don haka ki je asibiti da wuri su faɗa miki wacce ta hau kan 'yar wata bakwai.

Wani bawan Allah daga Samaru ya ce iyalinsa za su Legas wajen 'yar uwarta da yara biyu, mai shekara uku da mai wata huɗu, shi aiki ba zai bar shi ya raka su ba. Ta Kaduna za su tashi ko ta Kano, kuma jirgin safe ko na yamma da ya fi araha?

Malam, abin haushin mu mutanen Zariya kenan, muna da makarantar koyon tuƙin jirgi tun 1964, kullum ƙananan jirage na shawagi a kanmu ta wajen Palladan, amma in tafiya ta tashi sai mun nemi mota a Kwangila. Kaduna ta fi kusa, wajen kilomita 80 ne zuwa gari sai kuma a ƙara gaba ta Mando kafin a kai filin jirgin, Kano kuwa kusan ninkin haka ne amma jiragenta sun fi yawa, in an soke ɗaya ana iya samun wani. Da yara biyu a hannun mace ɗaya ni Kaduna zan zaɓa in dai akwai jirgi ranar, don wahalar ba a sama take ba, tafiyar Legas awa ɗaya ce da 'yan mintuna, wahalar tana hanya da zaman jira. Kuma ka biya na safe ko da ya ɗara tsada. Jirgi ɗaya ne ke zirga-zirga gari zuwa gari tun asuba, duk lattin da ya kwasa a hanya kan fasinjan yamma yake ƙarewa, ga shi in lokacin hunturu ne daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan hana sauka a Kano da Kaduna gaba ɗaya. Rarar da za ka samu a tikitin yamma ba ta kai a ce maiɗakinka ta kwana a benci da yara ba.

Mai shekara ukun dole a saya masa kujera. Ita kuma maiɗakin naka ta sani, babba ɗaya jariri ɗaya ake ba shi ya riƙe a cinya, masu tagwaye ku lura da wannan. Ba za a ba ta kujerar bakin ƙofar gaggawa ba, kada ta ga kamar wulaƙanci ne, doka ce.

Wata amarya daga Sabon Gari ta tambaya ko ta sayi keken turin jarirai saboda tafiya, ta ga wani a kasuwa amma kuɗin ya ba ta tsoro.

Ƙanwata ki adana kuɗinki, zaninki ya ishe ki. Goyo yana bar miki hannu biyu ki riƙe fasfo ki ja akwati, kuma a filayenmu sau da yawa da ƙafa ake takawa zuwa gindin jirgi a hau matakala, me keke zai yi miki a nan? Sai dai ki sani in an zauna za a ce ki sauke shi ki ɗora a cinya, wasu kamfanonin su ba ki ɗan ƙaramin bel da ake zargawa a jikin naki. Keke yana da amfani ne in za ki yada zango na awanni a Alƙahira ko Adis Ababa ko yaron ya yi nauyi, shi ma ki nemi mara nauyi mai naɗewa, na gwanjo ma ya wadatar tunda jifa ake yi da su a cikin kaya. Yawanci ba a cajin kuɗinsa, a bakin jirgi za su karɓa.

In kuɗin na ƙaiƙayinki ki sayi jakar goyawa mai aljihu da yawa, ki zuba famfas fiye da lissafinki, kayan canji kala biyu nasa, ɗaya naki (eh naki, ranar da aka yi miki tumbuɗi a sama za ki tuna da ni), leda, da rigar sanyi don cikin jirgi akwai sanyi. Dokar nan ta hana shiga da ruwa fiye da mililita 100 ba ta hau kan madara da abincin jariri ba, ki fito da su ki nuna a wajen bincike.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi damuna. Wata uwa ta ce ƙawarta ta ba ta shawara ta sayi Piriton ko Phenergan a kemis ta ɗura wa yaro ya yi ta barci har a sauka, don tana jin kunyar ya dami mutane da kuka.

Don Allah Maman yaro kada ki soma. Phenergan an hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba saboda yana iya danne numfashi, Piriton kuma wasu yaran maimakon barci sai ya birkita su su yi ta fizge-fizge, kin ga an gudu ba a tsira ba. Kukan da suke yi yawanci kunne ne, iskar cikin jirgi tana canzawa wajen tashi da sauka sai dodon kunne ya ɗaure, mu manya mukan haɗiye yawu ya buɗe, shi jariri bai san ya yi ba. Maganin shi ne tsotso. Ki ɗan ja masa lokacin shan nono yadda zai kama daidai jirgi na tashi, sannan ki sake ba shi in an fara gangarowa, wajen minti 30 kafin sauka, don saukar ta fi tashin ciwo. Hijabinki ya rufa miki, ba mai kallonki. Wanda ya tasa a ba shi ruwa yana kurɓa ko alawar tsinke.

In yana mura mai ƙarfi ko ciwon kunne ki kai shi likita ya duba kafin ranar. Haka in mai sikila ne ko bakwaini ko mai ciwon zuciya, domin iskar shaƙa a cikin jirgi ta yi ƙasa da ta nan ƙasa, kamar mutum ne a kan dutse mai tsawon mita 2,000, ga bushewa, mai sikila kuwa ba ya son rashin ruwa a jiki. Ki leƙa asibitin koyarwa na Shika ko asibitin da kuke zuwa a rubuta miki abin da za ki riƙe. Maganar kunyar mutane kuma, wanda kukan ya dama ya toshe kunnensa, tikiti kika biya kamar kowa.