Amsa ga ɗan uwan da yake ɓacewa a 2-5-1

Wallahi ɗan uwa da na karanta tambayarka sai da na yi ajiyar zuciya, domin ciwon nan ni ma na sha shi. Ka ce sikel, wato jerin notoci, duk suna yatsunka, su Dorian su Mixolydian, amma da an saka maka 2-5-1, wato jerin kod uku (kod shi ne notocin da ake bugawa tare) irin Dm7 G7 Cmaj7, sai dai ka yi ta hawa da sauka a wuyan jita, kod ya wuce kana can baya. Allah sarki.

Ni wani mai kibod ne ya tona min asiri a wurin da muke haɗuwa mu yi kiɗa daren Asabar. Ya ɗaga min kai alamar in shiga solo, ina cikin bugawa kawai mutumin nan ya ɗauke hannunsa daga kibod gaba ɗaya ya naɗe a ƙirji, ya bar ni daga ni sai mai ganga da mai bes, nan fa kowa ya ji ashe pentatonik ɗin A, sikel mai nota biyar, shi ɗaya tal nake ta juyawa tun farko. Bai tsaya nan ba, ya jawo makirfo ya ce "malam ana canja kod fa". 'Yan teburin gaba har da tafi. Yatsuna suka yi sanyi, gumi ya jiƙa min riga, ko fik ɗin, ɗan abin kaɗa tsirkiya, na kasa riƙewa. Abin da ya fi ƙona min rai, kebul ɗin da ya jona kibod ɗinsa da shi a daren nawa ne, kuma har yau bai dawo min da shi ba. In zai gyara min ai sai ya ja ni gefe, ko ba haka ba jama'a? Haba.

To ka ajiye sikel ɗin nan tukuna. Kowane kod ka nemi nota ta 3 da ta 7 ɗinsa kawai, in ka ƙirga daga notar da kod ɗin ya ci sunanta. A Dm7 F da C ne, a G7 B da F, a Cmaj7 E da B. Ka lura C ɗin firet ɗaya, wato gaɓa ɗaya a wuyan jita, yake zamewa ya koma B, sannan F ya zame ya koma E, duk maganar a nan take. Ka yi ta buga waɗannan, nota ɗaya kowane kod, a hankali har kunnenka ya riƙa jin canjin ko ba mai raka ka. Zai gundure ka, ka daure. Sai daga baya ka fara cike tsakaninsu.

Kuma don Allah ka riƙa rerawa da baki kafin ka taɓa tsirkiya, abin da bakinka ya kasa yatsa ƙarya kawai zai yi. Wes Montgomery, shahararren mai jitar jazz, ai da kunne ya kwashe solo ɗin magabacinsa Charlie Christian daga faifai, har da su ya fara samun aikin kiɗa, kuma da babban yatsa yake bugawa ba fik. Ɗauki layi ɗaya gajere daga wanda kake so, ka kai shi F, Bb, Eb, haka har ka zagaye ki 12.

Metronom kuma, na'urar riƙe lokacin kiɗa, ka bar shi yana buga na 2 da na 4 cikin kowane bugu huɗu, farko za ka ji kamar ya juye maka.

Af, idan hunturu ya shigo kar ka bar jitarka a waje, iskar nan tana busar da katakon har bakin firet ya fara yankar hannu, tawa sai da na kai aka goge. In ka kama wancan na 3 da 7 ɗin, gwada Ab a kan G7 ka sauke shi G idan Cmaj7 ya shigo. Ka yi rikodin ko na minti ɗaya ne ka turo nan mu ji, ni dai ba zan yi maka irin ta mai kibod ba.