Filin Amsa Tambayoyinku: Fernando Alonso da Tseren Motoci Iri-Iri

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na daɗe ina kallon tseren motoci na Formula 1 a talabijin, kuma a nan na san Fernando Alonso. Kwanan baya wani abokina ya ce mini wannan direba ya taɓa shiga gasar Dakar, wadda iyayenmu ke ba mu labarin wucewarta ta garinmu, har ma da wasu gasanni a Faransa da Amurka. Me zai sa zakaran duniya ya bar gasar da ta fi kowace daraja ya koma wata, kuma ashe ba duk tuƙi ɗaya ba ne? Daga wani mai karatu a Agadas.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinku ya faɗi gaskiya, kuma amsar tambayarku tana cikin tarihin mutumin kansa.

An haifi Alonso a ranar 29 ga Yuli, 1981, a birnin Oviedo da ke arewacin Sifaniya. Mahaifinsa bakanike ne, shi ya ƙera wa 'yarsa wata 'yar ƙaramar motar tsere ta yara, da yarinyar ta nuna ba ta da sha'awa sai ƙaninta Fernando ya gaje ta yana ɗan shekara 3. Daga nan ya bi matakan ƙananan gasanni har ya shiga Formula 1 a 2001 da ƙungiyar Minardi, wadda motocinta ke cikin na ƙarshe a kusan kowane tsere. Renault ta ɗauke shi, ya ci tserensa na farko a ƙasar Hangari a 2003, sannan ya zama zakaran duniya a 2005 yana da shekara 24, inda ya kawo ƙarshen shekara biyar da Michael Schumacher ya yi yana riƙe da kambun a jere. Ya sake ci a 2006.

Bayan haka ne sa'a ta riƙa kuɓuce masa da ƙyar. A 2007, yana McLaren, maki ɗaya tak ya raba shi da kambun. A Ferrari ya zo na biyu a 2010 da 2012 da 2013, kuma a 2012 tazarar maki 3 ce kawai tsakaninsa da Sebastian Vettel. Da ya koma McLaren a 2015 ya tarar da injin Honda wanda ba shi da ƙarfi kuma yana yawan lalacewa. A Formula 1 kowace ƙungiya ita ke ƙera motarta, saboda haka komai gwanintar direba, idan motarsa ta gaza, sai dai ya hangi ƙurar na gaba. Wannan ne ya tura shi neman wani fagen da zai gwada kansa.

Game da ko duk tuƙi ɗaya ne, a ganina waɗannan gasanni sana'o'i ne daban-daban, sitiyari da taya kawai suka haɗa su. Tseren Formula 1 bai cika wuce awa biyu ba, a kan kwalta mai kwana dama da hagu, inda gwaninta ke bayyana wajen taka birki a makare da fita daga kwana da sauri. Gasar Indianapolis 500 ta Amurka kuwa zagaye 200 ce a fili mai siffar ƙwai, mai tsawon kusan kilomita 4, kowace kwana ta hagu ce, gudu yana haura kilomita 350 a awa, katangar kankare tana dab da direba, kuma dabarar ita ce sanin yadda iskar da motar gaba ta keta za ta ja taka. Alonso ya bar tseren Monako na Formula 1 a 2017 ya tafi can, ya tashi daga matsayi na biyar, ya jagoranci tseren na zagaye 27, sai inji ya mutu masa saura zagaye 21 a kammala. Injin ma na Honda ne.

A Le Mans ta Faransa awa 24 ake yi ana gudu ba tsayawa sai shan mai da sauya taya, direbobi uku suna karɓa-karɓa da mota ɗaya, dare da rana, a hanya mai tsawon fiye da kilomita 13 wadda manyan motoci da ƙanana ke bi tare. Mutumin da ya saba a gyara mota daidai da son ransa dole ya amince da saitin da zai yi wa abokan tuƙinsa daɗi, ya kuma riƙa lallaɓa taya da mai. Ya ci wannan gasa a 2018 da 2019 cikin motar Toyota tare da Sébastien Buemi da Kazuki Nakajima, kuma suka zama zakarun duniya na tseren juriya. Adalci ya sa in ƙara da cewa a lokacin Audi da Porsche sun riga sun janye daga babban rukunin, don haka babbar abokiyar hamayyarsu ita ce ɗaya motar ta Toyota. Duk da haka, gudun da ya yi cikin daren 2018, inda ya rage tazarar da ke tsakaninsu da waccan motar, aikin gwani ne wanda ba a musu a kansa. A farkon 2019 ya kuma ci tseren awa 24 na Daytona cikin ruwan sama mai ƙarfi.

Sai Dakar, wadda ta fi shafar ku. Bafaranshe Thierry Sabine ne ya kafa ta, ta fara tashi daga Paris a ƙarshen 1978, kuma shekaru da dama tana ratsa Agadas da hamadar Tenere. An soke ta 2008 saboda matsalar tsaro a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020, shekarar da Alonso ya shiga da Toyota Hilux. A nan babu zagayen da za a haddace: direba yana bin umarnin mai nuna hanya da ke zaune kusa da shi, kuma nasa shi ne Marc Coma, wanda ya ci Dakar sau biyar a kan babur. Tun a zango na biyu suka karya ƙafar mota, suka sauka suka gyara da hannunsu, suka yi asarar fiye da awa biyu. A zango na goma motar ta wuntsila a kan tudun yashi, suka ci gaba babu gilashin gaba. Sun ƙare a na 13. Ni dai ina girmama wannan na 13 fiye da wasu kofunansa, domin mutum mai shekara 38 da kambun duniya ya yarda ya koma ɗan koyo a bainar jama'a.

TAMBAYA: Na ji ana maganar wasu manyan tsere uku da direbobi ke burin haɗawa. Waɗanne ne, kuma Alonso ya haɗa su? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Malama, su ne Monako da Le Mans da Indianapolis 500, kuma mutum ɗaya ne ya taɓa cin dukkansu, wato Graham Hill ɗan Ingila, wanda ya ci Monako sau biyar, Indianapolis a 1966, Le Mans a 1972. Alonso yana da biyu, domin ya ci Monako a 2006 da 2007, ya kuma ci Le Mans a 2018 da 2019, amma ta Amurka ta gagare shi. A 2019 bai ma samu shiga cikin motoci 33 da ake tantancewa ba, wata ƙaramar ƙungiya ce ta ture shi a ƙarshen gwaji, a 2020 kuma ya ƙare a na 21. Ya koma Formula 1 a 2021 da Alpine, ya wuce Aston Martin a 2023, inda ya hau mumbarin ukun farko sau 8 a shekarar da ya cika 42, alhali nasararsa ta ƙarshe cikin 32 da ya samu a gasar tun ta 2013 ce, a gaban mutanen ƙasarsa a Barcelona.